Gyara Kayanka: Abin da Ɗan Ƙungiya Zai Yi Kafin Ya Sa Gidansa a Kasuwa

Jawabin ofishin magatakarda a taron zagayowar ranar kafuwar ƙungiya

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka kafa ta tun muna yara, shugabannin rassa da suka taso daga Maraɗi, Katsina, Jibiya, Damagaram, Maigatari, Ƙonni da Illela, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa matasa, barkanmu da sake ganin wannan rana. Waɗanda muka yi taron bara da su, bana babu su, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Kwamitin shirya taro ya ba ofishinmu ɗan lokaci, aka ce mu zaɓi batun da zai amfani 'yan ƙungiya. Mun zaɓi maganar sayar da gida. Mun san wasu za su ce a ransu, taron fatake ne, me ya kawo zancen fenti da indararo? To, iyayenmu, ku yi mana haƙuri, teburinmu ne ya zaɓar mana. Tun da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, sannan aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024, jarin mutane da yawa ya karye. Kaya sun ruɓe a mota, bashi ya hau kan wanda bai saba cin bashi ba. Ɗan kasuwa kuwa idan jari ya karye, abin da yake waiwaya shi ne gidan nan na biyu da ya gina a wancan tsallaken lokacin da kasuwa ke ja. Ba abin kunya ba ne, don irin wannan ranar aka ajiye shi. Abin da ke ci mana rai shi ne yadda ake sayar da shi: cikin gaggawa, ta waya, mai gida yana Kano gidan yana Maraɗi, dillali ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Daga baya rigimar ta dawo kwamitin sulhu, mu kuma mu rubuta.

Za mu fara da abin da ba ya buƙatar magini, wato takarda. Gida ko da zinare aka yi masa daɓe, idan takardarsa ba ta zauna ba, mai saye zai zaftare kuɗi, kuma yana da gaskiya. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma wanda ke riƙe da takardar shaidar mallaka, wadda muke kira C of O, sai da amincewar gwamna ake mayar da ita sunan wani. Akwai kuma kuɗin ƙasa na shekara-shekara da yawancinmu muke mantawa da shi har ya taru. A Nijar, mai fili a unguwar da aka yanka yana da takardar ofishin magajin gari, wadda ake kira acte de cession, wanda ya ƙarasa aikinsa kuma yana da titre foncier, ciniki mai ƙarfi kuwa gaban notaire ake rubuta shi. Kowane ɓangare kake, ka fito da takardunka tun kafin ka kira dillali. Ka duba sunan da ke kai. Sau da yawa sunan wanda ya sayar maka ne, ko na mahaifinka marigayi. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, kada ka sa shi a kasuwa sai kowane magaji ya sani ya yarda, har da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu a wata ƙasa, domin malamanmu sun nuna cewa abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, yana iya karɓar rabon da aka sayar wa bare ya biya kuɗin. Ka biya bashin wuta da na ruwa, ka ajiye rasit. Mai unguwa ya san da zancen. Maƙwabcinka ma ka fara yi masa tayi, wannan ladabi ne da muka gada, kuma sau da yawa shi ne zai fi kowa biya, don shi kaɗai ne zai fasa katanga ya haɗe.

Tambaya ta biyu kafin a sayi ko da buhun siminti ɗaya: wa zai sayi gidan nan? Idan gidanka yana bakin titi, ko kasuwa ta cim masa, mai sayensa ƙasar yake so. Rushewa zai yi ya jera shaguna. Irin wannan gida share shi kawai za ka yi, duk kobon da ka sa a fenti ka zuba shi a rijiya. Idan kuwa yana cikin unguwa, magidanci ne zai saya ya zauna da iyalinsa, to shi ne sauran jawabin nan ya shafa.

Yanzu ga wurin da muke so mu daɗe a kai, ruwa. Duk wanda ya san gida, idan ya shigo dubawa, sama yake fara kallo, sannan ya kalli gindin bango. Tabon ruwa ɗaya a silin ya isa ya sa ya ɗauka rufin gaba ɗaya ya mutu, ya cire kuɗin sabon rufi daga tayinsa, alhali wataƙila ƙusa goma ce ta saki. Rufin kwano yawanci ta ramin ƙusa yake yoyo, ko ta tsororuwa inda aka haɗa fallaye, ko inda kwano ya shiga bango. Ka sa kafinta ya hau, ya canza abin da ya ruɓe, ya toshe abin da ya buɗe, sannan a cire allon silin da ya yi tabo a sa sabo. Kada a juya tsarin, a fara da silin a bar kwano, domin ruwan farko zai tona asiri. In akwai jemagu a cikin silin, a fitar da su, a kwashe kashinsu, a toshe hanyar da suke bi, don warinsu ba ya jin turare. Gidan ƙasa mai rufin soro kuwa, a sake yaɓen rufin, a duba indararo ko ya karye yana zubar da ruwa a jikin bango, a sa wuƙa a tsokani azara. Idan wuƙa ta shige kamar cikin kabewa, gara ta riga ka, sai a canza.

Gindin bango shi ne babban ciwon gidajenmu na bulo. Kun san wannan farin gishirin da ke fitowa daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, fenti ya kumbura, shafe ya riƙa zuba kamar gari. Danshi ne ke hawowa daga ƙasa, yana ɗauke da gishiri. Wanda ya shafa fenti a kai ya sayi wata biyu ko uku kawai. Gyaransa shi ne a fara gano inda ruwan ke fitowa: kwata ce ta toshe, ko bututun famfo ne ya fashe a ƙasa, ko tsakar gida ce ta karkata tana tura ruwa wajen ɗakuna maimakon waje. A gyara wannan. Sai a sassaƙe shafen da ya lalace har a wuce iyakar tabon, a bar bango ya sha iska, a sake shafe, a yi ɗan daɓen siminti a zagaye gindin bangon mai gangara zuwa waje. Sabon shafe yana son kamar mako huɗu ya bushe kafin fenti ya hau shi. Wannan ya sa muke cewa wanda ke da niyyar sayarwa ya fara shiri da wuri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba: damina ta nuna maka duk inda gidan ke ciwo, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta kankama ba balle ta manne a ɗanyen fenti, ga shi kuma amfanin gona ya shigo, kuɗi na yawo a hannun mutane.

Tsagar bango iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi, ta shafe ce kawai, a cike ta a wuce. Akwai kuma wadda ke tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, har yatsa na shiga. Wannan daga harsashi take. Maginan kirki sukan liƙa ɗan siminti a kanta su bar shi makonni, idan ya sake tsagewa, ginin yana motsi. Irin wannan, ko ka gyara ta gyaran gaske, ko ka nuna wa mai saye da hannunka ka rage masa kuɗi.

A nan ne ya kamata mu faɗi iyakar da ke tsakanin gyara da ha'inci, don mun ga inda ake tsallake ta. Wani ɗan'uwa ya sa aka jingina babbar durowa a kan tsagar bango ranar da za a zo dubawa. An yi ciniki, an biya, an kwashe kaya, tsaga ta bayyana. Mai sayen ma ɗan ƙungiya ne, kuma abokin huldarsa a harkar wake. Zama uku kwamitin sulhu ya yi, a ƙarshe ya mayar da kuɗin da ya fi na gyaran, huldar waken kuma ta mutu. Malamanmu suna nan zaune, sun fi mu sani: ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da kayan idan ya gano. Mu da muke aika kaya na miliyoyi daga Dawanau zuwa Damagaram a kan kalmar baki, sunanmu shi ne rabin jarinmu.

Sai abin da ya keɓanta da mu fatake. Gidan ɗan kasuwa rabinsa sito ne. Ɗaki ɗaya buhunan wake, ɗaya barkono da tsamiya, zaure cike da jarkoki, wani ma ƙirgi yake ajiyewa ko takin zamani. Mu mun saba, hancinmu ya daina ji. Baƙo kuwa tun daga ƙofa zai ji warin fetur ko na maganin ƙwari, ya ga ramin ɓera, ya ga mai ya shiga daɓe. Kuma ɗakin da aka cika da buhu har rufi, ko ya kai girman masallaci, ƙarami yake zama a idon mai kallo. A kwashe kayan gaba ɗaya, aƙalla mako biyu kafin a fara kawo mutane, ko da za a kama sito na haya na wata ɗaya. A buɗe tagogi, a wanke daɓe da omo da ruwan zafi, inda mai ya kama a zuba toka ko garin katako ya tsotse kafin a wanke, a toshe ramuka da siminti. Taki da gishiri suna cin daɓe da gindin bango, ɗakin da aka ajiye su a duba shi da kyau. Tsofaffin tayoyi, mataccen injin, kwanon da aka cire tun shekara biyar aka jingine a bayan gida, a kira 'yan gwangwan su auna su biya. Kuɗinsu ma zai sayi bokitin fenti.

Makewayi da kicin, a nan ciniki ke tsayawa ko ya ruguje, kuma hajiyoyinmu za su ba mu gaskiya. Maigida zai zo ya ga zaure da falo ya ce ya yi, ya koma gida, washegari uwargida ta zo. Ita ba ta kallon falo. Za ta buɗe famfo ta ga ko ruwa na zuwa, ta leƙa makewayi, ta duba inda za ta girka tukunya, inda hayaƙi zai fita, inda za ta yi shanya, ta ga ko katanga ta kai tsayin da maƙwabta ba sa hango tsakar gida. Idan ta ce a'a, an gama. Saboda haka a yashe shadda ko sokawe idan ta cika, a sa mata murfi mai kyau, a canza kan famfon da ke ɗiga, a gyara ƙofar bayi ta riƙa rufuwa, a kankare baƙin hayaƙin kicin kafin a shafa farar ƙasa ko fenti. Rijiya a yi mata baki da murfi. Duk waɗannan kuɗinsu kaɗan ne.

Kwalliya kuma, a taƙaice, a yi mai araha wadda ido ke gani. Fenti kala ɗaya mai haske a ko'ina, fari ko ruwan madara, don yana ƙara wa ɗaki faɗi da haske, kuma ba wanda yake ƙinsa. Shuɗi mai ƙarfi da ruwan hoda da kake so, ka bari sai a sabon gidanka. Katanga da ɗakunan baya farar ƙasa ta wadatar. Ƙofar gida a goge tsatsarta da samfefa, a sa jan fentin nan na kariya, sannan a bi da fenti mai mai, a zuba wa hinjinta man inji don ta daina kuka, domin ita ce abin da mai saye ke fara taɓawa. Kowane ɗaki a sa masa ƙwan fitila mai aiki, soket ɗin da ya ƙone a canza, gilashin taga da ya fashe da ragar sauro da ta yage a sabunta. Tsohuwar ledar ɗaki da ta yayyage gara a naɗe ta a bar daɓe a share. Labule mai tsabta, tabarma ko darduma a zaure, ƙofar gida a share a yayyafa ruwa, bishiyar darbejiya a rage mata rassan da suka hau rufi amma kada a sare ta, inuwa kuɗi ce a ƙasarmu. Turaren wuta kaɗan ya yi, idan ya yi yawa mutum zai fara tunanin me ake rufewa.

Abin da muke roƙon ku kada ku yi shi ne manyan ayyuka da bashi. Tayil a duk gida, silin na POP, fitilu masu reto, intalok a tsakar gida, waɗannan da wuya su dawo da kuɗinsu. Farashin gida unguwa ce ke yanke shi da girman fili, kuma mai saye ba ya biyan kuɗin son ranka, wataƙila ma ya fasa tayil ɗin ya sa kalar da matarsa ke so. Rijiyar burtsatse ce kaɗai za mu ce a yi tunani a kanta, a unguwar da ruwa ke wahala, amma ita ma sai in kuɗin na hannu ne. Mutumin da ke sayar da gida don ya tayar da jari, bai kamata ya fara da cin sabon bashi ba.

Akwai mutanen da ke cikin gidan, kuma wannan ya fi fenti nauyi. Da yawanmu mun zaunar da ƙane, ko gwaggo, ko yaron shago a gidan da ke wancan tsallaken, ba haya, don kada ya zama kango. Wasu kuma iyali ne na biyu. Kada waɗannan bayin Allah su fara jin labari daga bakin dillali. A zauna da su, a ba su lokaci, in da hali a taimaka musu da kuɗin kama wani wuri. Ɗan haya a ba shi sanarwa yadda doka da yarjejeniya suka tanada. Ban da haƙƙi ma, wanda aka ɓata wa rai a cikin gida shi ne zai ja mai saye gefe ya lissafa masa aibin da ke akwai da wanda babu. A tsayar da ranaku da lokacin dubawa don matan gida su kimtsa, kada a riƙa faɗo musu da baƙi da tsakar rana. Sannan kayan ɗakin mace nata ne, gado da kujeru da jere, ba sa shiga ciniki sai da yardarta. Fanka, tankin ruwa, allon sola, batura, injin jan ruwa, a rubuta wanne zai tsaya wanne zai tafi. Mun taɓa yin zama guda cur a kan tankin ruwa ɗaya, tsakanin mutum biyu da kowannensu ke da tirela.

Hoto kuwa, tunda yanzu ta WhatsApp ake fara ganin gida, a ɗauka da safe bayan an share, a buɗe labule, a kawar da bokitai da shanya. Matasanmu sun fi mu iyawa, a ba su.

Dillali a zaɓi wanda aka sani a unguwar, a yanke la'adarsa tun farko, kashi nawa cikin ɗari, kuma wa zai biya. Ka faɗa masa farashinka a gaban shaida, ka kuma nemi ka zauna da mai saye ido da ido, ko wakilinka ya zauna, domin a nan ne ake ɗora wani abu a sama ba da saninka ba. Gida ɗaya a hannun dillalai bakwai yakan fito da farashi bakwai, masu saye su ɗauka akwai matsala. Kada ka bar kowa ya gane cewa wuta ce a bayanka. Idan tayin bai yi ba, ka ce albarka, kamar yadda kake faɗa a rumfarka.

Na ƙarshe shi ne kuɗin da za a biya da shi, kuma kun fi kowa sanin wannan. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta yi faɗuwar da duk muka gani a wurin 'yan canji. Wanda ya sayar da gida a Katsina da naira, biya uku cikin wata shida, da niyyar ya sayi kaya da sefa, yana iya tarar da kashi na ƙarshe bai kai abin da ya lissafa ba. A rubuta a takarda: da wane kuɗi aka yi ciniki, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a cika, me zai faru idan ranar ta wuce. Takardun asali da makulli ba sa barin hannunka sai kuɗi sun cika, kuma ka gan su a asusunka da idonka, ba hoton rasit a waya ba. Shaidu biyu daga kowane ɓangare, da sa hannun mai unguwa, sannan a je a kammala na hukuma.

Ofishin magatakarda ya shirya samfurin takardar yarjejeniya da Hausa, da boko da ajami, ga kuma fassarar Turanci da Faransanci don lauya ko notaire ya duba kafin a sa hannu. Za a ba kowane sakataren reshe kwafi bayan sallar la'asar. Mun kuma roƙi kowane reshe ya ba mu sunan magini ɗaya, kafinta ɗaya da mai fenti ɗaya da aka yarda da amanarsu, da dattijo ɗaya da zai riƙa leƙa aiki a madadin ɗan'uwan da ke wata ƙasa. Rassa uku sun kawo nasu, sauran muna jira kafin ƙarshen wata.

 Allah ya buɗa mana hanyoyi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.